Ba zan sa hannu ba, ko da wanda ya koya mini tuƙi ne ya kawo takardar

Anti, don Allah ki taimake ni da shawara, kuma ki yi haƙuri da tsawon wasiƙar nan. Sau uku ina fara ta ina gogewa. Na riga na yanke abin da zan yi. Yadda zan yi shi ba tare da na ɓata zumunci na kuma raba kan abokan aikina ba, shi ne ya gagare ni.

Ni matuƙiyar jirgin sama ce, shekarata bakwai a kamfani ɗaya ina mataimakiyar kyaftin. Shekara biyu da suka wuce aka zaɓe ni sakatariyar ƙungiyarmu ta matuƙa. Gaskiya ba don na iya siyasa ba ne. Kowa ya guje wa rubuta bayanan taro, ni kuma na zo a makare na tarar har an tafa mini. Shugaban ƙungiyar kowa Babban Kyaftin yake ce masa, ni kuwa Baba nake kiransa. Aminin mahaifina ne. Da mahaifina ya rasu ina shekara sha shida, shi ya tsaya mana. Shi ya kai ni makarantar tuƙi da kansa. Shi ne a gefena ranar da na fara sauke jirgi cike da fasinja, yana ce mini in sassauta riƙon, jirgin ba guduwa zai yi ba.

Wata tara ke nan muna zama da shugabannin kamfani kan sabuwar yarjejeniyar aiki. Ɗakin taron a hawa na uku yake, tagarsa na kallon rumfar gyaran jirage, da wata na'urar sanyaya ɗaki mai ƙara kamar ita ma tashi za ta yi. Su huɗu da lauyansu, mu biyar. Kullum manajan ma'aikata da sabuwar waƙarsa: mai ya yi tsada, fasinja sun ragu, abokan gasa sun karya farashi. Mu kuma manyan buƙatunmu biyu ne, gyaran albashi, da kuma a tabbatar da sababbin matuƙa talatin da ɗaya da ke aikin wucin gadi.

Makon jiya Baba ya shiga ganawa da babban darakta su biyu kaɗai, ya fito da daftari a hannu. An gyara albashi, an yarda a tabbatar da mutum talatin da ɗayan nan. Muka yi ta murna. Na tafi da takardun gida don in tsara su, sai a shafi na sha huɗu na ga an rage hutun da ke tsakanin aiki da aiki daga awa goma sha biyu zuwa goma, ga masu gajerun tafiye-tafiye. Kuma daga kashe inji ake fara ƙirgawa. Anti, bayan an kashe inji akwai cike takardu, akwai jiran motar ma'aikata, akwai cunkoson hanya, akwai wanka da cin abinci da yaran gida masu son ganin fuskar mutum, sannan dole ka dawo awa guda kafin tashi. In aka cire waɗannan, barcin bai kai awa shida ba. Masu dogayen tafiye-tafiye, waɗanda yawancinsu manya ne irin su Baba, ba a taɓa nasu ba.

Akwai abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Wata uku da suka wuce, da rana tsaka, a saukarmu ta huɗu a ranar, hasumiyar filin jirgi ta ba mu umarnin rage tsayi. Na jira kyaftin ɗina ya maimaita musu umarnin kamar yadda aka saba, na ji shiru. Na juya na ga kansa ya sunkuya, idonsa a rufe. Mutum ne mai tsantseni, uban 'ya'ya biyar, bai taɓa yin wasa da aiki ba. Na amsa wa hasumiya da kaina, na taɓa hannunsa, ya farka a firgice. Mun sauka lafiya. A motar ma'aikata ya ce mini, ƙanwata, ki rufa mini asiri. Na rufa, ban rubuta rahoto ba. Wannan fa a lokacin da hutun yake awa goma sha biyu ke nan.

Na sami Baba a ofis na nuna masa shafin. Bai yi mini tsawa ba, da ma ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya cire tabarau ya ce doka ta halatta awa goma. Ya ce kamfani ya rantse in ba a yarda ba zai mayar da jirage biyu na haya, mutum talatin da ɗayan nan kuma su koma gida. Ya ce shi ya ga yajin aikin da ya rufe kamfaninsu na farko, ni ban taɓa ganin kyaftin yana yawon neman aikin direba ba. Dokar ƙungiyarmu ta ce sai shugaba da sakatare sun sa hannu kafin a kai daftari gaban mambobi. Ya miƙo mini biro. Na ce zan yi tunani. Ranar ce ta farko da na fita daga gabansa bai ce in gaida Umma ba.

Yanzu magana ta fasu. Mataimakin shugaba, wanda muke kira Tartsatsi, sau biyu Baba yana kayar da shi a zaɓe. Hoton shafin ya isa hannunsa, wallahi ba ta wajena ba. Yana ta yaɗa cewa Baba ya sayar da mu, wai an yi masa alkawarin kujera a kamfani bayan ritaya. Na ce ya nuna mini hujja, ya ce hujja ta fi shafi na sha huɗu? Shi da magoya bayansa suna so ranar babban taro, nan da kwana goma sha biyu, in miƙe in kawo ƙudirin tsige shi, wai in 'yarsa ta faɗa kowa zai yarda. A ɗaya gefen kuma, biyu daga cikin masu aikin wucin gadi sun tare ni a wajen ajiye motoci suna roƙona in sa hannu, ɗaya ta ce shekararta uku ba ta san ko wata mai zuwa tana da aiki ba. Matar Baba ta kira Umma, Umma kuma ta kira ni ta ce ashe ban da kunya. Maigidana yana bayana, ko da yake yana tsokanata wai matuƙiya ya aura ga shi ya tashi da lauya a gida.

Anti, ba zan sa hannu ba. Na ga wancan kan da ya sunkuya, kuma akwai fasinja ɗari da arba'in a bayanmu. Amma ba na son a yi amfani da ni a wulaƙanta Baba, kuma ba na son in zama sanadin korar mutum talatin da ɗaya. Ta ina zan bi?

Ƙanwarki mai tuƙin jirgi

*

Ƙanwata,

Na gode da amanar da kika ba ni. Matsayinki daidai ne, kuma ban ga dalilin da zai sa ki ja da baya ba. Albashi ana iya sake zama a kansa baɗi, barcin matuƙi kuwa ya shafi rayukan mutanen da ba su ma san ana wannan taro ba.

Amma ki yi wa Babanki adalci. A cikin duk abin da kika rubuto ban ga alamar cin amana ba. Na ga dattijon da ya taɓa ganin kamfani ya rufe a kan idonsa, tsoron nan bai sake shi ba, ya zaɓi ya ceci ayyukan mutum talatin da ɗaya da abin da yake ganin doka ta yarda da shi. Ya yi kuskure biyu: ya shiga ganawa shi kaɗai, ya kuma bayar da hutun da ba shi zai rasa ba. Zargin kujerar bayan ritaya kuwa, tunda babu hujja, kada ya taɓa fitowa daga bakinki.

Ke ma da naki. Rahoton nan da ba ki rubuta ba ya kamata ki rubuta shi. Ki fara samun kyaftin ɗin, ki faɗa masa ba za ki iya ci gaba da riƙe wannan ba, ki nemi ku rubuta tare ta hanyar da aka tanada don rahoton gajiya. Ki bincika tukuna irin kariyar da tsarin ya ba mai kai rahoto. Da wuya a ce shi kaɗai abin ya taɓa samu, kuma in ɗaya ya yi magana wasu za su samu ƙarfin gwiwa.

Kwana goma sha biyu sun isa aiki. Ki tattara jadawalin aikin masu gajerun tafiye-tafiye na wata uku, ki fitar da ainihin awannin barcin da sabon sharaɗin zai bari, ki nemi likitan da ke duba lafiyar matuƙa ya faɗi ra'ayinsa a rubuce. Sannan kada ki je taro da a'a kawai. Ki je da madadi: a fara ƙirga hutu daga lokacin da mutum ya bar filin jirgi, ko a taƙaita yawan ranakun da za a jera a haka, ko a raba nauyin har da manya. Barazanar mayar da jirage kuma, ku nemi kamfani ya kawo ta a rubuce gaban ku biyar ɗin. Mai yiwuwa gaskiya ce, mai yiwuwa matsin lamba ne, ba za ku sani ba sai kun tambaya tare.

Kafin duk wannan ya fito fili, ki je gidan Baba, ba ofis ba. Ki gaishe shi yadda kika saba, ki faɗa masa da bakinki cewa ba za ki sa hannu ba, ba kuma za ki goyi bayan tsige shi ba. Ki ba shi labarin abin da kika gani a ɗakin tuƙi ba tare da kama suna ba. Ki roƙe shi ya zama shi ne zai mayar da shafin kan teburi, ke kina gefensa. Wanda ya shekara talatin yana tuƙi ya fi kowa sanin ma'anar abin da za ki faɗa masa. In ya ƙi, kin sauke nauyi, sai ki tsaya gaban mambobi ki yi bayani a kan sharaɗin kaɗai, ki nemi a yi ƙuri'ar sirri.

Shi kuma Tartsatsi, ki faɗa masa a fili cewa maganar shugabanci ta jira lokacin zaɓe. In kuka rabu biyu ana tsakiyar tattaunawa, waɗanda ke ɗaya gefen teburin ne kaɗai za su ji daɗi. Masu aikin wucin gadi kuwa ki tara su ki nuna musu lissafin barcin, domin su ne za su fi kowa ɗanɗana wannan jadawali.

Umma kada ki yi musu da ita ta waya. Ki je ki zauna kusa da ita, ki tambaye ta ko za ta so ki tuƙa jirgi bayan barcin awa biyar. Uwa ce, za ta gane.

Ba zan ɓoye miki ba, Baba zai iya yin fushi na wani lokaci, gaisuwa ta yi sanyi. Ki ci gaba da zuwa gaishe shi ko ya amsa a daƙile. Ki tsaya a kan matsayinki, ki tausasa harshenki. Allah ya daidaita tsakaninku, ya haɗa kan ƙungiyarku, ya kai ki ya dawo da ke lafiya a kowace tafiya.

Antinki