Agogon Baba Maƙeri

Litinin, 8 ga Yuni
Sati na uku da fara aiki a asibiti. Saboda annoba, mutum huɗu kawai ake bari su shiga ɗakin motsa jikin masu ciwon zuciya. Na ƙauye sai ta waya. An ba kowa agogo mai ƙirga taku da bugun zuciya. Ni na raba sunayen. Baba Maƙeri, shekara 67, wata ɗaya da ciwon zuciya ya kwantar da shi, kilomita 74 daga nan. Na sa shi a waya.

Alhamis, 11 ga Yuni
Taku 5,200, bugu 78. Na tambaye shi jiki, ya ce, "Da sauƙi, 'yata." Kowa haka yake cewa.

Laraba, 24 ga Yuni
Taku 8,900. Shugabar sashe ta nuna jadawalinsa a taro, wai a yi koyi da ni. Ban ji komai ba. Takunkumin fuska ya ci min bayan kunne.

Juma'a, 3 ga Yuli
Na kira Baba, matarsa ce ta ɗauka. Ina jin tana tafiya, guga na ƙara. Na duba kwamfuta, taku na hawa. Na ce, "Inna, tare kuke da Baba?" Ta ce yana kwance.

Na ce, "To, takun wa nake gani?"

Ta ce, "Ai ni nake ɗaura agogon a madadinsa in zan je rijiya. Ko zaure ba ya kaiwa sai ya zauna. Ya ce yarinya ce sabuwar ɗauka, kada a ce ba ta iya aiki ba."

Kwana ashirin ina yabon zuciyar da lafiyarta lau.

Asabar, 4 ga Yuli
An kawo shi. Ƙafafu sun kumbura, ruwa a huhu. Ta gilashi na gan shi, karo na farko. Ƙarami ne. Ya ɗaga hannu ya ce wa nas, "Ki gaya mata matata ta ci jarrabawa."

Na rubuta rahoto, shafi biyu. Na ci abinci.

Talata, 14 ga Yuli
An sallame shi. Na ba shi gurbi a ɗakin, Laraba-Laraba.

Kira tara yau. Ban buɗe kwamfuta ba tukuna. Kowa na ce ya ƙirga min ɗaya zuwa ashirin da ƙarfi, ina sauraron numfashi. Wata tsohuwa ta tsaya a sha ɗaya, ta ce, "Da sauƙi."

Na ce, "Inna, zauna. Ba sauri nake ba." Minti 26 muka yi. Fom ɗin aiki ya ce minti goma.