Awarar Inna

Litinin, 6 ga Mayu, 2024
Na dawo Yelwa daga makaranta. Inna ta samu shanyewar ɓarin jiki, magana ta ƙi fita. Ta gane ni, ta kama bakin zanena. Tukunyar awararta na kife a tsakar gida.

Alhamis, 9 ga Mayu
Na ce zan riƙe mata sana'ar kafin ta tashi, kada masu saye su watse. Da lemon tsami take haɗa madarar waken, amma ya yi wuya a kasuwa. Na sayo khal. A aji an koya mana cewa asid ɗin lemo sitirik ne, na khal asetik, kuma dukansu suna sa madara ta dunƙule. Ta dunƙule kuwa. Sai dai wari.

Asabar, 11 ga Mayu
Na kai wa Inna yanka ɗaya. Ta shinshina, ta kau da kai. Na shiga bayan ɗaki na yi kukana.

Talata, 14 ga Mayu
Na raba madarar tukunya biyu. Ta khal ta kama da sauri, awarar ta yi ƙarfi, tana yankuwa sumul. Khal ba ya lalacewa, ƙarfinsa ɗaya kullum, kuma warin na bin tururi in an bar shi ya tafasa. Ta lemo ta fi laushi da ƙamshi, amma lemo ba shi da alkawari, wani ruwa, wani ɓawo zalla.
Maman Blessing, maƙwabciyarmu, ta ɗanɗana duka biyun. "Wannan ta kasuwa ce, Yasira. Waccan ta gidanku." Ta kawo min lemo daga bishiyar ƙanwarta a Wara, ta ƙi karɓar komai.

Asabar, 18 ga Mayu
Inna ta ci ta lemo. Rabin yanka. Ta ɗaga yatsa tana nuna na cika tsami. Na yi dariya, ita ma da gefen bakinta mai motsi.

Laraba, 22 ga Mayu
Inna ta rasu bayan azahar. Ina bakin murhu lokacin.

Juma'a, 31 ga Mayu
Ragowar lemon ya bushe a kwando. Da khal ɗin na wanke buta.

Lahadi, 9 ga Yuni
Yaya Anas ya kira, wai jarrabawa ta kusa, yaushe zan koma? Na ce bayan Sallah. Ya ce, "Wace Sallar?" Na ce layin ba kyau.
Ɗazu wata mata daga bakin ruwa ta yi sallama, ta ce mai awara na nan? Bakina ne ya riga ni. Na ce ga ni.