Takardar Ɗana Da Na Jefa A Murhu

Assalamu alaikum, masu kula da wannan shafi da masu karatu. Don Allah a sakaya sunana, kuma ku karanta har ƙarshe kafin ku tsine mani, don tsinuwar da nake yi wa kaina ta ishe ni.

Ni dattijo ne, manomi, daga wajen Sheme. Karatuna bai wuce firamare ba, shi ya sa na rantse sai ɗana na fari, bari in kira shi Lawal, ya zama likita. A gidanmu maza a zaure muke cin tuwon yamma tare da maƙwabta, kowa ya fito da kwanonsa a haɗa. Sai na kafa doka: duk zangon karatun da Lawal bai zo cikin ukun farko a aji ba, hannunsa ba zai shiga kwanon zaure ba. Ya zauna bakin ƙofa, in mun gama a tura mashi saura. Yaro ɗan shekara sha biyar, a gaban ƙannensa da dattawan unguwa! Wani ma har ya riƙa tsokana, "Likita, yau ma gadin takalma kake?" Ana dariya, har da ni. Wane irin uba ne yake dariya a nan?

Lawal ba daƙiƙi ba ne, hannunsa ne yake da kai. Injin ban-ruwa in ya mutu a fadama, shi ake kira. Wani malaminsu ya sa ya rubuta jarrabawar makarantar koyon gyaran injuna, kuma suka ɗauke shi. Malamin ya kawo takardar ranar da Lawal yake gona, ya damƙa mani, ya ce, "Alhaji, ga hanyar yaronka ta buɗe." Bayan kwana kaɗan aka yi wa malamin canjin wurin aiki. Ni kuwa na kalli takardar na ce ɗana ba zai ƙare da baƙin mai a riga ba, na jefa ta murhu. Da Lawal ya tambaye ni, "Baba, ba a aiko da komi ba?" sai na ce, "An aiko. Can ma ba su son ka." Bai yi kuka ba. Ya ce "to," ya ɗauki fartanya ya fita. Daga ranar bai sake taɓa inji ba, jarrabawar gama sakandare kuma ya faɗi sau biyu.

Yanzu shekarunsa sun haura arba'in, yana noma a Ruwan Godiya. Satin da ya wuce na kai masu ziyara, na tarar da 'yarsa Hauwa'u a bayan rumbu tana riƙe da littafi. Ta zo ta tara a aji, kwana biyu ke nan ubanta ya hana ta ci tare da 'yan'uwanta. Na ce, "Lawal, ka ji tsoron Allah, yarinya ce." Ya dube ni babu ko fushi, ya ce, "Baba, ai gaskiyarka ce tun farko. Ni ba ni da kai, har masu gyaran inji sun ƙi ni. Ba zan bari ta zama irina ba."

Wallahi da na ji haka sai na miƙe. Na riga na wanke hannu, amma ban ci abincin gidan ba. Mutum ya yi shekara ashirin da wani abu yana ƙyamar kansa a kan ƙaryata, ga shi yanzu yana juye ta a kan jikata, ni kuma ana ce mani Alhaji, ana ba ni sahun gaba a masallaci. Tir da ni.

In na faɗa mashi, ina tsoron ba zai sake kallon fuskata ba, ƙila ko gawata ba zai ɗauka ba. In na yi shiru, Hauwa'u ce za ta ci gaba da biya. Jama'a, don girman Allah, me zan yi?