Ranar Hutun Ɗan Gata

Zuwa ga Auta,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da mutanen gidan burodinku. Idan kin ga rubutun nan kamar kaza ta taka tawada, kada ki zargi makarantar da na bari a aji huɗu. Hannun hagu ne ya karɓi aiki, na dama yana cikin filasta. Wayata kuma ta riga ni isa ƙasa, har yau ba ta farfaɗo ba.

Ga yadda aka yi. Kin san Ɗan Gata, duƙushin nan ɗan autan Baƙa, goɗiyar da kika yi wayo a gindinta. Tserensa na farko ya matso. Ranar Laraba mahayi ya ba shi sukuwa mai ƙarfi, don haka Alhamis ranar hutunsa ce: a ja shi da ragama ya taka a hankali, a goge shi, a ƙyale shi. Ni na kafa dokar nan, ni na koya wa rabin masu barga a layinmu. To ina cikin jan sa sai ga Mai Gashin Baki, mai bargar kusa da tamu, ya jingina da shinge yana cewa, "Tsoho, kai ke jan dokin ko shi ke jan ka? Ko sirdi ya yi maka nisa ne yanzu?" Auta, da na yi dariya na wuce, da yanzu ina cin abinci da hannun dama. Sai na ce a miƙo sirdi.

Wallahi mun yi kyau, har zuwa kwanar bayan rumbun ciyawa inda ƙasa ta bushe kamar siminti. Nan wata leda ta taso. Ɗan Gata ya yi hagu, ubanki ya ci gaba da tafiya shi kaɗai. Mai Gashin Baki ne ya kai ni asibiti, yana dariya yana yi min sannu, ban san wanne ya fi ciwo ba.

Hannu zai warke. Ƙafar dokin ce ta tsaya min a rai. Ba ya ɗingishi. Likitan dabbobi ya duba, ya ce a riƙa shafa jijiyar da sassafe kafin ya motsa, idan an ji ɗumi a janye shi daga tseren, don jijiyar da aka yi tsere a kanta da ɗumi tsinkewa take yi. Na shafa da hagu. Hannun da igiya ta cinye shekara da shekaru, ko garwashi aka ɗora masa sai ya yi shawara. Mahayi kuma hawa yake so, ko tafasa ƙafar take yi zai ce sanyi ƙalau.

Sai na tuna wata 'yar ma'aunin zafi da nake da ita, mai kayan makaranta da kitso biyu, wadda ke tsugunawa ta bi ƙafa huɗu da tafin hannu tana rufe ido. Innarki, Allah ya jiƙanta, tana daga ƙofar kicin tana cewa, "Za ka sa yarinya ta shiga aji tana warin barga!"

Ba cewa na yi ki zo ba. Labari kawai nake ba ki.

Naki,
Baba, mahayin iska

*

Zuwa ga Baba,

Ina gaishe ka da girmamawa, da fatan hannu yana samun sauƙi. Maigida yana yi maka sannu. Ya ce in tambaya ko ledar ta ji ciwo.

Baba, na yi dariya. Amma da kanka ne ya bugi ƙasa fa? Mai Gashin Baki ya fi shekara ashirin yana tsokanarka, kullum kana kamuwa kamar yau ka fara ganinsa.

Na tuna safiyoyin nan sarai. Bokitin da kake kifa min in taka in kai ga wuyan Baƙa, da butar shayinka mai lanƙwasasshen baki. Ba ka taɓa gaya min ƙafar da kake zargi ba. Sai na gama bin duka huɗun, na nuna, sannan ka ce, "Ma'auni ya yi magana." Amma hannun nan yanzu tanda ya sani. Tun asuba nake ciro burodi, tafina ya yi kanta. Ban san ko zai ji abin da yake ji a da ba.

In ka yarda in faɗi wata magana. Ranar da aka kawo ni garin nan ka ce, "Da an gama tseren nan zan zo in ga ɗakinki." Na sayi kujera mai hannu na ajiye maka a bakin taga. Tsere ya ƙare, wani ya zo, shi ma ya ƙare. Shekara shida ke nan, kujerar ta zama wurin tara wanki. Ba ƙorafi nake yi ba, ni ma labari nake ba ka.

Idan kana shakka, ka janye shi. Me ya sa sai wannan tseren?

'Yarka,
Auta

*

Auta,

Na amsa gaisuwarki. Ki ce wa surukina leda tana lafiya, ta wuce abinta ko waiwaye babu.

Maganar kujera ta shige ni. Na karanta na ninke takardar, na je na share bargar da na riga na share.

Kin tambayi me ya sa sai wannan. Tseren 'yan fari ne, sau ɗaya doki ke shigarsa a rayuwarsa, baɗi shekarunsa sun wuce. Shi Baƙa ta ci, kina goye a bayan Innarki. Matar da kullum ke cewa dawaki sun cinye mata miji, ran nan ita ce ta hau benci tana ihu har takalminta ɗaya ya ɓace. Da takalmi ɗaya ta dawo gida, tana cewa in na kuskura na ba wani labari za ta yi min yaji. Yanzu babu ita, babu Baƙa, gwiwoyina kuma in na tsuguna sai an yi addu'a kafin in miƙe. Ba na jin zan sake horar da wani bayan wannan. So na yi in sake jin an kira sunan bargarmu a lasifika, ko sau ɗaya.

Jiya na yi dabara. Na ce tunda hannu ya ƙi, kunci ai fata ce. Na durƙusa na manna fuskata a ƙafarsa. Abin da na gano shi ne Ɗan Gata yana son hula. Ya cinye rabinta kafin in tashi.

Ranar Juma'a ake rufe janyewa. Yana cin abincinsa, idonsa garau, in ya ji wasu na sukuwa sai ya kama tonon ƙasa. Ke ma da kin gan shi sai ya ba ki sha'awa.

Ki huta lafiya.
Babanki marar hula

*

Baba,

Ina gaisuwa. Na samu wata ta riƙe min tanda. Zan iso ranar Laraba da motar yamma. Safiyar Alhamis kada kowa ya fito da shi, kada a zuba masa ruwa. Kuma kada ka gaya min ƙafar.

Auta

*

Zuwa ga Ma'auni,

Da fatan kin sauka lafiya, kuma burodi bai ƙone a bayanki ba. Kin manta ɗankwalinki a kan turke. Na ɗauke kafin mai cin hula ya gani.

Tun da kika tafi nake ganinki tsugune a cikin ciyawa, ido rufe. Kin bi huɗun, kika koma ta gaba ta hagu, kika daɗe. Da kika ɗago ba ƙafar kika nuna ba, ni kika kalla kika ce, "Baba, ai ka sani." To, na sani. Tun washegarin faɗuwata na ga yana sassauta ta in yana tsaye. So nake wani ya faɗa da bakinsa, wanda ba zan iya yi wa gardama ba.

Na janye shi. Mahayi ya yi fushi ya koma wurin Mai Gashin Baki. Ranar tseren ina barga riƙe da tiyo, ina zuba wa ƙafar ruwan sanyi, iska tana kawo mana lasifika guntu-guntu. Ɗan Gata ya miƙe kunnuwa yana rawar jiki. Na ce masa, "Yi haƙuri, ɗana, ranar hutunka na ci, ga shi muna biya tare." Dokin Mai Gashin Baki ya zo na biyar. Ya leƙo da yamma, bai yi tsokana ba, ya shafa ƙafar ya ce, "Zai yi gudu baɗi, a tseren manya." Ban san yana da hankali ba sai ran nan.

Likita ya ce wata biyu babu sirdi. Kin ga ke nan babu tseren da zan fake da shi. Mai Gashin Baki ya ce zai riƙe min tiyo na mako guda, amma sai ɗumin ya sauka tukuna, don ba zan bar masa ƙafar tana haka ba. Na san abin da za ki ce: wani "da an gama" ne kuma. Kina da gaskiya ki ce haka. Ke kin zo, ni ban zo ba, bashin ya zama ninki.

Kunci ya ce ɗumin ya fara raguwa, in za a yarda da kunci. Ki kwashe wankin nan daga kan kujera.

Naki har kullum,
Baba