Sifiri Goma Sha Biyu a Ɗakin Katako

Daga:
Malamar Kiɗa, Ajin Kurame,
Makarantar Yara Masu Buƙata ta Musamman.
Lambar katin ƙungiya: 214.

Zuwa ga:
Mai Girma Shugaba,
Ƙungiyar Malaman Kiɗa da Waƙa ta Yanki.

15 ga Mayu, 2023.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: ƘORAFI KAN GWAJIN DA AKA YI WA ƊALIBAINA RANAR 7 GA MARIS, DA ABIN DA YA JAWO

Bayan gaisuwa da girmamawa irin wadda ta dace da ofishinka, ina neman izinin gabatar da kukana a karo na uku. Ni ce ke koyar da kiɗa ga yara kurame goma sha biyu a ɗakin ƙarshe na makarantarmu, wanda ake kira ɗakin katako. Shekarata goma sha tara a wannan ƙungiya, ban taɓa fashin taro ba, har da wanda muka yi a tsaye saboda rufi na yoyo.

Da yake ba ka taɓa shiga ɗakin ba, bari in ɗan yi bayani. Daɓensa na katako ne, an ɗaga shi taƙi ɗaya daga ƙasa, ƙarƙashinsa fanko. Idan aka buga ganga ko piyano, katakon ke ɗaukar sautin ya kai shi tafin ƙafa. Yarana da ƙafa suke saurare, da tafin hannu a jikin piyano, da ido a kan hannuna. Shi ya sa dokar ɗakin guda ce tak, tana rubuce a bakin ƙofa: a cire takalmi.

Ga ƙorafina daki-daki.

1. Ranar Talata, 7 ga Maris, ƙungiya ta turo malamai uku su tattara shaida kan amfanin darasin kiɗa, domin ƙasidar bana. Na yi murna ƙwarai, har na durƙusa na goge katakon da hannuna. Suka shigo da takalmansu ƙwas-ƙwas. Na nuna musu rubutun ƙofa, babbansu ya yi murmushi ya ce ai ba daɗewa za su yi ba. Wannan kam gaskiya ya faɗa, minti arba'in suka yi.

2. Sun gudanar da gwajin kunne kamar yadda tsarin ƙungiya ya tanada: ɗalibi ya zo cikin cikakken kayan makaranta har da takalmi, ya juya baya ya fuskanci bango, hannuwansa a baya, a taɓa sauti uku, ya maimaita da murya. Na san hikimar wannan doka, ni ma da ita aka gwada ni, don kada ɗalibi ya saci amsa da ido. Sun ƙi amfani da piyanonmu, wai sautinsa ya sauka, kuma ban musa ba, ya tsufa. Sai suka ɗora wani ɗan ƙarami na lantarki a kan tebur, wanda ko kofin ruwa ba zai girgiza ba. Ranka ya daɗe, an toshe wa yaro ƙafa, an ɗauke masa ido, an naɗe masa hannu, sannan ana jiran ya rera. Na roƙa a bar su su juyo, ko a yi gwajin da ganga. Aka ce fom ɗin ba shi da gurbin haka. Yara goma sha biyu, sifiri goma sha biyu, an rubuta da kyakkyawan rubutu.

3. Abin da malaman ba su sani ba, kuma ba su tambaya ba, shi ne a makarantarmu wanda ya yi laifi ake sawa ya fuskanci bango. Akwai wata yarinya a ajin, 'yar shekara tara, 'yar wani tela. Zazzaɓi ne ya tafi da jinta tana da shekara biyu. Lokacin da aka kawo mana ita ƙarƙashin tebur take wuni, wanda ya taɓa ta ya sha cizo. Wata bakwai na yi ina lallaɓa ta kafin ta yarda ta cire takalmi. Bara mahaifinta ya same ni ana tashi daga makaranta, ya ce yana cikin ɗinki ta zo ta dafa jikin keken ɗinkin, ta shiga buga masa tebur daidai da takun ƙafarsa. Ya ƙara sauri, ta ƙara. Ya rage, ta rage, ta tuntsire da dariya. Ya ce tun ranar zazzaɓin nan bai taɓa yin wani abu tare da 'yarsa ba sai ranar. Ƙaton mutum, ya tsaya a gabana yana share ido da gefen riga. Idan ƙasidar bana tana neman amfanin darasin kiɗa, ni dai wannan ne nawa.

Ita ce ta huɗu a layin gwaji. Ta tsaya tana kallon bango har aka dafa kafaɗarta alamar an gama. Da ta juyo, ni ta kalla, ta tambaye ni da hannu laifin me ta yi. Tun daga ranar ba ta sake cire takalmi ba. Ɗauri biyu take yi wa igiyar, ta zauna a bakin ƙofa har a tashi. Mahaifinta ya ce ko kusa da keken ba ta ƙara zuwa ba.

4. Ranar 3 ga Afrilu rahoton ƙungiya ya iso makarantarmu da hatiminka a ƙasa. Abin da ya shafi ajina layi ɗaya ne, cewa babu alamar amfanuwa. Hukumar makaranta ta dogara da wannan layi ta yanke shawarar rufe ajin. Ranar Litinin, 29 ga Mayu, za a ɓamɓare katakon a zuba siminti, ɗakin ya koma wurin ajiye karyayyun kujeru. Na je wurin shugaban makaranta, ya ce shi ba zai yi jayayya da masana ba. Ban ga laifinsa ba, domin ni ma da haka nake kallonku.

5. Na rubuto ranar 10 ga Afrilu, na sake rubutowa ranar 27. Sau biyu ina zuwa ofis, sakatare na ce mini kana taro. Takarda ɗaya ce ta zo mini daga ƙungiya a duk tsawon wannan lokaci, ita ce gayyatar taron shekara mai taken “Kiɗa Na Kowa Ne”. Na gode da gayyatar, tana nan a ajiye.

Saboda haka, cikin ladabi nake roƙon a janye wancan layi daga rahoton, a kuma sanar da hukumar makarantarmu kafin ranar 29. Ba zan ɓoye maka ba, raina ya riga ya karaya. Na san kwamitin da ke duba ƙorafi sai watan Yuli zai zauna, kafintan da zai ɓamɓare daɓen kuwa ya riga ya zo ya auna ɗakin, har ya yaba ingancin katakon.

Idan hakan ya gagara, ina roƙon ka zo da kanka na minti biyar kafin ranar, ka cire takalmi a bakin ƙofa, ka tsaya a tsakiyar ɗakin in buga maka ganga sau ɗaya. Ba sai ka ce komai ba.

Idan shi ma aiki ya hana, to a taimaka mini da layi ɗaya, tsawon wancan, da hatimi irin wancan, a rubuta cewa 'yar tela ba ta yi laifin komai ba. Zan karanta mata da hannu. Ni na faɗa mata ya fi sau ashirin, ba ta yarda ba, kuma tana da gaskiyarta: ina tsaye a wurin aka juya ta bango, ban hana ba.

Allah ya ƙara girma, ya taya ka riƙo. Ina neman afuwa idan harshena ya yi kaifi a wani wuri.

Taka mai biyayya,

(sa hannu)
Malamar Kiɗa, Ajin Kurame,
wadda yaran ke kira Cire-Takalmi.