Awa Shida Zuwa Paris

Laraba, 19 ga Satumba, 1979
Maigidana Sila, jikan nan nawa mai kunne kamar faifai, ya samu karatun likitan dabbobi a Faransa. Na ce, tafiyar wata nawa? Wai daga Yamai zuwa Paris awa shida a jirgin sama. Awa shida! In an tashi da hantsi ana can kafin la'asar. Ni da na taɓa kwana biyu kan jaki daga nan Tanut zuwa Belbeji. Na ce masa ashe bayan gari za ka.

Asabar, 22 ga Satumba
Ya tafi. Uwarsa Liyatu ta yi ta kuka, ta ce, Inna, zo mu raka shi tasha. Na ƙi. Rakiya ta mai nisan tafiya ce. Ya durƙusa in sa masa albarka, na ja kunnensa na ce, tashi, miji marar cefane, in ka dawo da yamma ka taho mini da sukari. Ya yi dariya. Ya ɗan tsaya a bakin zaure, ban ɗago ba, ina tsince wake.

Lahadi, 14 ga Oktoba
A coci babu mai ɓata mana waƙa da muryar jaki. Ba daɗi.

Talata, 25 ga Disamba
Kirsimeti. Na ware masa cinyar zabo har ta huce. Ilyasu direba ya shigo gaisuwa, na tsare shi: mutum ba zai iya awa shida domin kakarsa ba? Ya ce, Kaka, kin manta kwanakin mota daga Yamai, ga jirgin ba a tsayar da shi da hannu. Na ba shi cinyar, don ya yi shiru.

Alhamis, 10 ga Afrilu, 1980
Ƙafafuna sun kumbura kuma. Liyatu ba ta sani ba.

Talata, 1 ga Yuli
Liyatu ta dawo daga Damagaram, sun yi magana da Sila ta wayar gidan posta. Ba zai zo hutu bana ba, sai baɗi ko bayanta. Wai ya ce, a gaida mini matata, ta ajiye mini albarkata. Ɗan banza. Kamar abin zubawa a tulu.

Baɗi.

Litinin, 4 ga Agusta
Ɗanmalam, ɗan maƙwabciyata Kaltuma, ya tafi neman aiki Agadas. Nan kusa. Na dogara sanda na bi su har tasha, ƙafata ce dai ke son motsi. Da zai hau kamyo, babbar motar kayan nan, na riƙe kansa, na yi ta addu'a har direba ya gaji da oda. Kaltuma na ta amin, ita da tasbaharta.

A hanya ta ce wai da sunan Sila na yi ta kiransa. Ni ban ji ba.