Shaddar Kawu Sa'idu

Daga Legas.

Kawu Sa'idu, assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da Inna Azumi da duk mutanen Kurfi. Yaya ƙafar Baba?

Ni lafiya lau. Ofishin lauyoyin da nake aiki sun sallame ni saboda na ƙi janye ƙarar da manoma suka kai kamfanin maganin feshi. Ɗakin da na koma ba laifi, sai ɗan yoyo in an yi ruwa. Kada a gaya wa Baba.

Saƙonka ya iso, wai in rufa wa dangi asiri in bar shari'ar. Na gode da nasiha. A taron masu hannun jarin kamfanin na ga hotonka bango guda, kana dariya cikin tumatir, an rubuta "manomi mai godiya". Na gane gonar, Kawu. Ta Baba ce a Zobe, kafin maganin da ka sayar masa ya ƙone ta ƙurmus. Har rantsuwa ka yi masa kai ma shi kake fesawa, taka gonar kuwa ko ganye bai yi yaushi ba. Allah ya ƙara albarka.

Na ba direban Dutsin-Ma shadda ya kawo maka. A ɗinka da wuri, a yi aiki mai kyau a wuya. Sammaci na tafe, kai zan fara kira shaida. So nake alƙali ya gan ka fes, kamar yadda ka fito a hoton.

'Yarka,
Mardiya